Janaretan da Ya Fi Ƙofa

Kan gudumar ya fice daga ƙota, ya wuce ta gefen kunnen Mai Wuta, ya je ya daki durom ɗin mai. Magini ya tsaya da guntun sanda a hannu yana kallon bangon. Tun da gari ya waye yake dukansa, abin da ya ɓantaro bai cika hula ba.

"Maigida, bangon nan fa ba inda za shi."

"Ba kai ka gina shi ba?"

"Ni na gina shi, shi ya sa nake gaya maka. Ka manta abin da ka ce? Ka ce in zuba siminti kada in ji tausayin aljihunka. Ka ce rodi bibbiyu. Ka ce kana son ɗakin da ko aljani ya zo satar janareta sai ya koma gida ya yi shawara."

"Na faɗa. Yau kuma na ce ka rushe."

"Ai shi bangon maganar farko ya riƙe," in ji Magini, ya tafi ɗauko kan gudumarsa.

Ga yadda abin yake. Janaretan da ke cikin ɗakin nan shi ne dukiyar Mai Wuta kaf. Gonar gado ya sayar ya saye shi, ya ɗora a mota ya biyo ayarin masu neman zinare, tun garin bai wuce rumfunan leda ba. Shi bai taɓa shiga rami ba, bai kuma taɓa sha'awa ba. Ya duba ne ya ga duk wanda ya fito daga rami ruwan sanyi yake nema, da inda zai sa wayarsa caji, da fitilar da zai kalli abin da ya samo. Sai ya ja waya layi-layi yana ba shaguna wuta. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace.

Bai daɗe ba aka kwance masa batir, aka dawo aka yanke masa waya. Sai ya kira Magini. Ba ɗaki aka gina aka shigar da inji ba. Ƙasa aka tara aka yi tudu saboda ruwa, aka ɗora inji a kai, aka zagaye shi da gini, aka rufe sama da kankare, aka bar wata 'yar ƙofa da mai tumbi sai ya karkace yake shiga. Ranar da aka gama har kallo aka zo yi. Wani mai sayar da taba ya tambaye shi, to in ka tashi tafiya fa? Mai Wuta ya yi dariya har da riƙe ciki. Tafiya ina, a garin da ake tsintar zinare da hannu?

Kuma a lokacin ba mai cewa ya yi wauta. Garin ya tashi kamar ana hura shi. Jejin da ko makiyayi ba ya kwana, kafin shekara ta zagayo ya yi layin masu abinci, ya yi layin masu babura, ga gidan kallon ƙwallo har biyu, ga wani mai sayar da gadaje masu madubi. Mutum zai shiga rami da yagaggen wando, ya fito da yamma ya sayi sabon babur, ya ƙi cire masa leda. Akwai wanda ya sayi firij don kawai ya riƙa ɓoye takalmansa daga ƙura. Akwai mai ɗaura agogo a kowane hannu, shi kuwa ko ɗaya bai iya dubawa ba. Duk wannan hayaniya a kan wayar Mai Wuta take tafiya. In inji ya yi tari gari ya yi tsit, in ya tashi ka ji ihu daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan, har da masu sa masa albarka.

Sai ramuka suka fara zurfi, abin da ake fitowa da shi ya fara ƙanƙancewa. Aka koma kan tsofaffin tsibin ƙasar da aka zubar, aka sake wanke su, aka kuma sakewa, har ƙasar ta gaji da wanka. Sannan labari ya zo wai an samu wani wuri can gaba inda ake ganinsa a saiwar ciyawa. Mutanen nan kuwa ba sa sallama. Za ku yi hira da maƙwabci, gari ya waye ka ga ya kwance kwanon rufinsa da ƙofarsa, ya bar maka bango huɗu da kyanwa. Mai gadaje ya tafi. Gidan kallo ɗaya ya tafi, ɗayan ya koma ɗakin awaki. Ƙarshenta Mai Wuta ya ga mai yake ƙonawa don ya haska layin da karnuka suka fi mutane yawa.

Yayansa mai walda a birni ya aiko masa cewa ya kawo injin, akwai wuri a gefen shagonsa, masu walda da masu niƙa duk kukan wuta suke. Yara tuni aka tura su can wajen kakarsu. Saura shi da matarsa da inji. Babbar mota ɗaya ce ta rage mai shigowa garin, yau kuma zuwanta na ƙarshe, don kogin da ke kan hanya ba shi da gada, ruwan farko yana sauka ba motar da za ta sake ƙetarewa sai rani. Bakaniken da ya iya kwance injin ya mayar ya bi ayari tun bara. Masu kwance ƙarfe su sayar kuwa suna nan, su ba ruwansu da mayarwa. In injin nan ya yi damina shi kaɗai a kango, ta 'yar ƙofar nan zai fice noti-noti.

Mai Wuta ya bar Magini yana gyaran ƙota, ya gangara gindin bishiyar da motar take. An riga an loda mata kwanon rufi da katifu da ƙofofi, mutane sun hau sun zauna a kan kayansu. Direba na kwance a kan benci, hula a fuska.

"Direba, ka ƙara mini haƙuri kaɗan."

Direba ya ɗaga hular, bai kalle shi ba, gabas ya kalla. Can ƙasan sama wani baƙi ya fara taruwa.

"Ka ga wancan? Shi za ka roƙa, ba ni ba. Na bar maka wuri a bayan mota, na yi maka iyakar mutunci. Amma ina jin iska ta juya zan tada mota, ko uwata ce ba ta hau ba."

Matarsa na zaune a kan ƙullin kayansu a ƙofar ɗakin kwanansu, wanda ke manne da na injin. Ta ɗaura ɗankwali tamau irin na mai tafiya.

"Baban yara, ya ake ciki?"

"Ana kai."

"Ana kai ina? Tun safe ƙara nake ji, ban ga rami ba. Ni dai ka ji in gaya maka, yau a motar can zan tafi, da inji ko ba inji. Autana ya fara famfara ban gani ba. In kai ka zaɓi ka yi damina da ƙarfe, Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ya san ba wasa take ba. Ya karɓi gudumar daga hannun Magini ya shiga dukan bangon da kansa. Duka goma, hannunsa ya yi tsami har kafaɗa, bango ko gezau.

"Mijin Yaya, sannu da dambe! Wa ke cin wani?"

Gafiya ne, ƙanin matarsa. Ɗan siriri ne, gajere, ido jawur, duk gwiwar wandonsa faci. An sa masa sunan ne don ba ramin da ba ya shiga. Rami ya rufta da shi ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ɓullo ta wani wajen yana tambayar wa ya ga takalminsa. Sau ɗaya ya taɓa samun abin kirki, ya sayi babur, ya faɗi da shi, ya sayar ya yi jinya. Yana tafe da abokan haƙarsa biyu, kowa da diga a kafaɗa.

"In ba ka da abin yi je ka kama wa yayarka kaya," in ji Mai Wuta.

Gafiya ya zagaya ɗakin, ya leƙa ta 'yar ƙofar, ya buga ƙafa a daɓen, ya fito yana girgiza kai.

"Ku mutanen sama matsalarku ke nan, komai sai kun bi ta gaba. Wa ya ce maka ana faɗa da dutse? Ta ƙarƙashinsa ake bi. Magini, daɓen nan kauri gare shi?"

Magini ya sosa ƙeya. "To, simintin dai duk a bango ya ƙare. Daɓen shafe ne."

"Ƙarƙashinsa fa?"

"Ciko ne, ƙasa zalla."

"Shi ke nan. Ɗakin ya fi titi tudu. Mu haƙo daga waje ta ƙarƙashin bangon baya, mu yi gangara, mu sauke injin a kan bututu, mu zaro shi kamar ana zare ƙaya. Bangonka na nan tsaye, ka bar wa jikoki su zo su gani."

Mai Wuta ya kalli gabas, ya kalli ƙanin matarsa. Tunda ya auri yayarsa bai taɓa jin yaron nan ya faɗi abin hankali ba, shi ya sa ya ɗan jima yana neman inda maganar ta karkace. Bai samu ba.

"In kun fitar da shi, me zan ba ku?"

"Ka daina ce mini ɗan iska a gaban mutane."

"Wannan ya yi tsada. Fara dai."

Suka fara. Abin da Mai Wuta bai taɓa tsayawa ya kalla ba ke nan duk zamansa a garin, yadda mutanen nan suke cin ƙasa. Ɗaya na sara, ɗaya na kwashewa, Gafiya na gaba yana rarake, suna yi suna zagin juna. Kafin Magini ya gama jera bututun da za a gangaro da injin, Gafiya ya shige ƙarƙashin bangon har ƙugu, ƙafafunsa kawai ake gani.

To, akwai wata ɗabi'a ta mahaƙi. Ba ya iya ganin ƙasa a shebur ya zubar da ita haka kawai. Ko ramin dashen bishiya ka sa shi, sai ya murza ƙasar a yatsa ya kai ido. Gafiya ya fito shan iska, ya ga kwanon shan ruwan yayarsa a kan kaya, ya ɗauka ya ɗebi ƙasar cikon, ya tsoma a ruwan da ake zuba wa injin, ya tsuguna ya fara juyawa.

"Kai! Wanki na kira ka?" in ji Mai Wuta. "Ka ga hadari kuwa?"

"Ba ni ba ne, Mijin Yaya, hannun ne. Bar shi ya yi abinsa ya huce."

"Kwanona ne fa, ɗan banza," in ji yayarsa daga kan kaya.

Gafiya ya juya, ya tsiyaye, ya ƙara ruwa, ya juya. Sai ya yi shiru. Shirun ne ya sa kowa ya waigo, don ba a saba ji ba. A gefen kwanon, inda baƙin yashi ya kwanta, ga wani siririn layi rawaya.

Abokansa suka matso. Ɗaya ya ɗebo wata ƙasar daga can cikin ramin, aka sake wankewa. Layin ya fi na farko kauri.

"Magini," in ji Gafiya a hankali, "ina ka samo cikon nan?"

Magini ya ce, "Tsibin farko ne. Wanda aka tara a bakin ramin farko. Ga shi kusa, ga shi kyauta, sai na sa aka kwaso."

Ba wanda ya buƙaci ƙarin bayani. A watannin farko wa yake da lokacin wanke ƙasa da kyau? Wanda ido ya gani ake tsincewa, a watsa wa sauran ruwa sau ɗaya a zubar, a ruga a ɗebo wata. Da abu ya yi wuya an dawo an tace duk tsibin da ke fili. Wanda aka kwashe aka yi gini da shi ne ba wanda ya tuna.

"Yashin bulon ma daga nan ne," Magini ya ci gaba, kamar mai magana cikin barci. "Da na kankaren. Da cikon ɗakin kwananku. Kai, rabin layin nan ma ni na..."

Gafiya ya toshe masa baki da hannu. "Kada wanda ya ji. Mu biyar ne, mu shida da Yaya. A yi shiru a yi aiki."

Ya waiga, sai ya ga su biyar ɗin sun koma huɗu. Ɗaya abokin nasa ya riga ya kai tsakiyar layi, yana gudu zuwa ɗauko kwanon wankinsa. A garin nan kuwa ba a shelar zinare da baki. A ga mutum yana gudu ya dawo da kwano a hannu, magana ta ƙare.

Motar ce ta fara zubar da mutanenta. Wani da ya riga ya ɗaure katifarsa ya zaunar da matarsa a kai, ya diro ta gefe bai ko waiwaye ta ba, ita ma ta diro ta bi shi da murfin tukunya. Mai aski ya fito da tawul a kafaɗa, wanda yake yi wa askin na biye da shi, rabin kai fes rabi gashi. Wata tsohuwa mai sayar da itace, wadda kullum sai an kama ta take tashi, ta wuce su duka. Mutanen da Mai Wuta ya ɗauka sun bar garin tun tuni suka riƙa ɓullowa daga kangaye. Kafin ka ce me, bayan ɗakin ya cika, kowa na tura kowa, masu diga sun fara sara ta ko'ina a gindin ginin.

Nan Mai Wuta ya hango abin da zai faru. In suka rarake cikon nan ta kowane gefe, ɗakin zai zauna ne gaba ɗaya, kankaren sama ya sauko a kan injin. Ya haye tsibin ƙasar da aka fitar, ƙotar guduma a hannu. Mutum ne da ya yi shekaru yana magana a gefen janareta, murya ba ta yi masa wuya.

"Kai! Duk wanda ya ƙara sara a nan sai na sare shi! Ɗakin wa?"

Aka tsaya.

"Na ce ɗakin wa?"

"Naka ne, Mai Wuta."

"To ku buɗe kunne. Bangon bayan nan na ba ku. Duk wanda ya ɓalle bulo nasa ne, ya je ya daka ya wanke, ban nemi ko ƙwaya ba. Amma daga sama za a fara, inda Magini ya nuna. Ƙasar ciki kuwa, wadda ta fi maiƙo, ba mai taɓa ta sai injina ya hau mota an ɗaure shi. Wanda bai yarda ba ya zo ya gwada ni."

"In ya hau fa?" wani ya tambaya daga baya.

"In ya hau, ku da Gafiya. Shi ne mai ɗakin daga lokacin."

Gafiya ya dafe ƙirji. "Ni?"

"Rufe baki, je ka tokare ramin nan da katako kafin ya cinye mini bango."

Jiya-jiyan nan Mai Wuta ya bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su zo su taya shi rushe bango, kowa ya ce bayansa ke ciwo. Yau ga bayan ya warke. Mutanen da suka saba fasa dutse a cikin duhu, a tsugune, suka samu bango a tsaye a fili, ga iska. Diga ta sauka, kurfin fasa dutse ya shiga, masu zarto suka bi rodin suna yankewa. Magini na gefe yana nuna inda za a sara, yana yi yana share ido.

"Kuka kake?" in ji Mai Wuta.

"Ƙura ce. Amma wallahi gini ne, Maigida. Ka ga yadda yake ba su wuya?"

Bangon da ya ƙi guduma tun safe ya tafi a kan kawuna, guntu-guntu. Haske ya shiga ɗakin, ga janareta zaune, kore, duk maiƙo, kamar wanda aka tashe shi daga barci. Aka cusa bututu a ƙarƙashinsa, aka ɗaura igiya. Masu ja na ja, masu turi na turi, tsohuwa mai itace na ba da umarni ba wanda ya sa ta. Mai Wuta na zagaye su yana ihu a yi hankali da tankin ruwa. Aka gangara da shi layi, ana ɗauke bututun baya ana mayarwa gaba, har gindin mota. Aka jingina katakai, aka haɗa ƙarfi da salati, injin ya hau. Mai Wuta ya ɗaure shi da kansa, ya ja kowace igiya ya ji ta yi tauri.

Yana dirowa mutane suka watse da gudu zuwa ɗakin. Gafiya kaɗai ya tsaya, kwano a hannu.

"Mijin Yaya, tsaya mu yi magana ta hankali. Ka kalli nan." Ya miƙa masa kwanon. "Wannan fa shebur ɗaya ne. Kai yanzu tafiya za ka yi? Gobe war haka garin nan ya cika. Za a nemi wuta, za a nemi injin niƙa bulo. Ka sauke abin nan, wallahi gari ya dawo."

Mai Wuta ya karɓi kwanon. Bai taɓa riƙe zinaren da yake nasa ba sai yau. Ya karkata shi, layin ya yi ƙyalli. Daga can yana jin ihun mutane, irin ihun da ake yi da in ya tada inji. Ya waiga neman matarsa, bai gan ta a kan kaya ba. Sai ya kalli layin shaguna.

Mai aski ya sa diga a bangon shagonsa. Mutumin da ke kiwon awaki a gidan kallo ya kore su waje, yana haƙar daɓen. Can gaba wasu 'yan'uwa biyu na faɗa a kan wani kango da ba na ɗayansu ba. Ko'ina sai ƙarar turmi, ana daka bulo.

Ya mayar wa Gafiya kwanon.

"Gari zai dawo a ina? Ba garin ne kuke dakawa a turmi ba? In kun wanke shagunan, wa zan ja wa waya?"

"To ai..."

"Rami ba ka san ƙarshensa ba, shi ya sa yake riƙe ku. Wannan kuwa na san ƙarshensa, a gabana aka zuba shi. Je ka kama ɗakinka kafin su bar maka ƙofa kaɗai. In ka samu, don Allah kada ka sayi babur."

Iska ta juya. Wata leda ta tashi ta bi layi, sanyi ya bugi fuska. Mai Wuta ya ruga gaban mota, ba Direba. Bencin ma ba kowa. Ya zagaya, ya same shi a bayan bishiya a tsugune, ya sa guntun bulo a kan dutse yana daka shi da sifana.

"Direba! Iska ta juya!"

"Ɗan tsaya, Mai Wuta, yanzun nan zan..."

"Ko uwarka ce ba ta hau ba, haka ka ce. Tashi!"

Ya ɗago shi ta wuyan riga. Direba ya cusa garin bulon a aljihu, ya hau yana ƙunƙuni. Matar Mai Wuta ta iso tana haki, ta miƙa ƙullin kaya aka karɓa, ta hau da wani bokiti mai murfi ta ajiye a gabanta. Motar da ta cika maƙil da safe, yanzu daga su sai kayan mutanen da suka dire, sai wani tsoho da ya yi barci bai san abin da ake ciki ba.

Suna fita gari ɗigon farko ya sauka a kan kwanon rufin da ke motar. Direba ya taka. Mai Wuta ya rungume injin ta gefe, duk ramin da aka faɗa sai ya ji kamar a haƙarƙarinsa. Kafin su kai kogi suka fara gamuwa da babura, goyo bibbiyu, uku-uku, kowa da diga da kwano, sun nufi inda suka baro. Labari ya riga mota. Wani ya rage gudu ya ɗaga murya.

"Malam, nan ce hanyar garin?"

"Nan ce! Ku yi sauri, kada ku tarar an wanke shi!"

Kogin ya fara kawo jan ruwa, amma bai kai cibiyar taya ba. Motar ta shiga tana nishi, ta yi tangaɗi a tsakiya, tayar baya ta juya a banza sau ɗaya, Mai Wuta ya rufe ido. Da ya buɗe suna kan tudu. A bayansu ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, har ba a ganin ɗaya gaɓar.

Ya sauke numfashi, ya zame ya zauna kusa da matarsa, ya jingina da injin. Ƙafarsa ta yi tsami, ya so ya miƙe ta, bokitin ya tare. Ya sa hannu ɗaya zai matsar, bokiti ya ƙi. Ya sa biyu.

"Maman yara, me kika zuba a nan?"

Ta kau da kai tana kallon hanya.

Ya ɗaga murfin. Ƙasa ce, ja, cike har baki, an danna ta da hannu.

"Ke da kika ce ko da inji ko ba inji?"

"Na faɗa, kuma ga ni a mota." Ta karɓe murfin ta mayar, ta ɗora ƙafa a kai. "Ta ƙarƙashin gadona ce. Kullum sai na share ɗakin nan, ina zubar da shara a waje ashe ban san me nake zubarwa ba. Sai in bar wa ƙattai sauran?"

Mai Wuta ya kalle ta, ya kalli bokitin. Ya naɗe ƙafarsa ya bar masa wurin.

"Ke kin iya wankewa ne?"

"A'a," ta ce. "Kai fa?"

"Ni wuta na iya."

Motar ta faɗa wani rami, duk su biyun suka kai hannu suka dafe murfin.